Yadda ake shafa farar ƙasa da fenti a bangon waje

Duk wanda ya zaga unguwanni a ƙarshen damina zai ga katangun da aka yi wa fenti watanni kaɗan da suka wuce sun kumbura daga ƙasa, fentin yana saɓulewa kamar ɓawon albasa, a ƙarƙashinsa kuma ga wani farin gari mai kama da kanwa. Maigida yakan ce mai fenti ne ya ha'ince shi, mai fenti kuma ya ce kayan da aka sayo masa ne jabu. Sau da yawa ba ɗaya daga cikin biyun ba ne. Abin da ya faru shi ne an zaɓi launi kafin a duba irin bangon da za a shafa, an kuma rufe danshi a cikinsa da abin da ba ya barin ruwa ya fita. Saboda haka aikin yana farawa ne daga sanin bambancin da ke tsakanin farar ƙasa da fenti, domin ko da yake dukansu da burushi ake shafa su, yadda suke zama a jikin bango ya sha bamban.

Fentin ruwa na waje yana ɗauke da wani sinadari mai kama da roba, wanda idan ya bushe yake zama fata a saman bango. Wannan fatar tana hana ruwan sama shiga, amma tana rage fitar danshin da ya riga ya shiga ta wata hanya, ko ta tushen gini, ko ta saman katanga, ko ta wata tsaga. Farar ƙasa ta gaske ba ta yin fata. Asalinta dutse ne da ake ƙonawa a zafin da ya kai kusan digiri 900, irin dutsen da masana'antun siminti na Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Malbaza a Jamhuriyar Nijar suke haƙowa. Idan aka jiƙa ƙonannen dutsen aka shafa shi a bango, sai ya riƙa zuƙar iskar kabon daga sarari sannu a hankali har ya koma dutse kamar yadda yake tun farko, amma a wannan karon manne da jikin ginin, da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani waɗanda danshi ke fita ta cikinsu. Shi ya sa magina ke cewa bangon farar ƙasa yana numfashi.

Wane bango ne ke son me

Ginin ƙasa, na tubali ne ko wanda aka yi wa yaɓe, farar ƙasa ce ta dace da shi, kuma a ganina babu wata muhawara a nan. Ƙasa tana shan danshi da damina ta sake shi da rani, kuma duk abin da ya toshe mata wannan hanya, siminti ne ko fenti, yana sa ta ruɓe daga ciki alhali fuskar tana nan sumul. Abin da ya sami tsohon masallacin Larabanga da ke arewacin Ghana ya isa misali: a shekarun 1970 an lulluɓe shi da siminti da niyyar kare shi, danshi ya taru a ciki ya raunana ginin, sai da aka ɓanɓare simintin aka koma ga yaɓen ƙasa da farar ƙasa.

Jan bulo, wato wanda aka gasa a wuta, shi ma ya fi jituwa da farar ƙasa, domin yana da ƙofofin da take shiga ta kama sosai, kuma idan ta fara koɗewa sai jan ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashi, abin da mutane da yawa suke sha'awa. Ana iya yi wa jan bulo fenti, amma a sani cewa shawara ce da ba a cika iya janyewa ba, tun da fitar da fenti daga ramukan bulo aiki ne mai cin rai, kuma daga ranar an ɗauki nauyin sabunta shi duk bayan wasu shekaru. Bulon siminti da aka yi wa filasta yana karɓar kowanne daga cikin biyun. Idan bangon busasshe ne kuma ana son launi mai ƙarfi, a yi fenti. Idan gindinsa yana jawo ruwa daga ƙasa, farar ƙasa ta fi rufin asiri.

Akwai ƙa'ida guda da ba a karya ta: farar ƙasa ba ta kama bangon da ke da fenti, fenti kuma ba ya zama a kan farar ƙasa. Wanda yake son sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya sai ya kankare na farkon har ya kai ga jikin bango.

Lokacin da ya dace

A ƙasar Hausa lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da bango ya sami makonni yana bushewa amma ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Tsakiyar damina ba ta dace ba saboda bangon a jiƙe yake kuma hadari na iya wanke aikin yini guda cikin minti goma. Bazara tana da tata matsalar, domin bangon da rana ta gasa yana busar da abin da aka shafa kafin ya kama. Mutane da yawa suna tuna fenti ne idan Sallah ko biki ya rage kwana uku, alhali ba a fafe gora ranar tafiya, musamman ga farar ƙasa wadda take buƙatar kusan mako guda kafin a gama shafe-shafenta.

Ko a wane wata ake aikin, a riƙa bin inuwa. Da safe a yi bangon yamma, da la'asar a koma bangon gabas.

Shirya bango

Rabin aikin a nan yake, kuma nan ne masu aikin kwangila suka fi yin sauri saboda ba ya nunawa a ido. Da farko a nemo inda ruwa yake shiga. A duba indararo ko yana zubar da ruwa a jikin bango, a duba saman katanga ko akwai murfin siminti mai gangara, a duba bututun banɗaki da ke bi ta cikin gini, a kuma duba ko ƙasar da ke gindin bango ta taru har ta haura tushe. Bangon gabas ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin daga can hadari ya fi tasowa kuma shi ne ruwa ya fi duka. Muddin ba a toshe hanyar ruwa ba, babu fentin da zai daɗe, komai tsadarsa.

Domin gane ko bango ya bushe, a sami leda mai kauri kamar faɗin faranti babba, a manna ta a ƙasan bangon da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana guda. Idan da safe aka tarar da raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya karɓar fenti ba. Sabuwar filastar siminti tana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin a yi mata fenti, saboda kaifin simintin da bai gama kwanciya ba yana cinye launi yana kuma sa fenti ya yi dabbare-dabbare.

Farin garin nan mai kama da kanwa gishiri ne da ruwa ya kwaso daga cikin bulo ko daga ƙasa ya bari a fuskar bango bayan ya bushe. A goge shi da busasshen burushi mai tauri, a share shi daga gindin bangon a zubar nesa. Kada a wanke shi da ruwa, domin ruwan zai narkar da shi ya mayar da shi cikin bulo, bayan kwanaki ya sake fitowa. Gansakuka da baƙin da ke fitowa a wuraren da rana ba ta kaiwa kuwa, ana kashe su da ruwan bilic, kashi ɗaya a cikin kashi uku ko huɗu na ruwa, a shafa a bari na ɗan lokaci, a goge, a ɗauraye sosai, sannan a bar wurin ya bushe. Ba a haɗa bilic da wani maganin wanki, musamman mai asid, saboda hayaƙin da ke tashi guba ne.

Tsohon fentin da ya ɗaga a kankare shi da abin kankara har sai an kai inda yake manne da kyau, a bi bakin wurin da samfefa don kada ya nuna gaɓa. Idan tsohon fentin mai ne na gidan da ya daɗe, a jiƙa shi kafin a goge kuma a sa takunkumi, a kuma nisanta yara daga ƙurar, domin irin waɗannan fenti na dā sukan ƙunshi dalma. Tsaga ƙarama a ɗan buɗe bakinta a cike ta. A bangon siminti a cike da siminti da yashi mai laushi, a ginin ƙasa kuma a cike da ƙasa irin ta ginin. Tsagar da ta bi bango daga sama har ƙasa, ko wadda take ƙara buɗewa, maganar magini ce, ba ta mai fenti ba.

Haɗa farar ƙasa

A kasuwa sunan farar ƙasa yana hawa kan abubuwa fiye da ɗaya, kuma nan ne mutane suke yin asara. Akwai farin yumɓu da ake haƙowa, irin wanda ake samu a yankin Ƙanƙara ta jihar Katsina, akwai kuma garin alli. Dukansu suna faranta bango, amma ba sa komawa dutse, don haka suna gogewa a jikin riga kuma ruwan farko yake tafiya da su. Wanda ake nema shi ne garin ƙonannen dutse, wanda 'yan kasuwar kayan gini suke kira laim. Gwajinsa mai sauƙi ne: a dama cokali biyu a kofin ruwa a bari ya kwana a buɗe. Na gaske zai kwanta a ƙasa, a saman ruwan kuma za a ga wani ɓawo siriri mai ƙyalli wanda yake karyewa idan aka taɓa shi da tsinke. A kuma ɗiga ruwan lemun tsami a kan busasshen garin. Idan ya yi kumfa sosai yana tafasa, to ko dai alli ne, ko kuma buhun ya daɗe a buɗe ya sha iska ya mutu.

Idan garin da aka riga aka jiƙa a masana'anta aka samu, sai a zuba ruwa a duro, a riƙa barbaɗa garin ana juyawa har ya yi kauri kamar kindirmo, a ƙara ruwa kaɗan ya rufe samansa, a rufe duron a bar shi aƙalla kwana guda. Kwana uku ko mako ya fi, domin gwargwadon daɗewarsa a ruwa gwargwadon laushinsa da kamunsa. Idan kuwa ɗanyen ƙonannen dutse ne, wanda bai taɓa ruwa ba, sai an yi taka-tsantsan ƙwarai, saboda yana tafasa yana fantsama da zarar ya haɗu da ruwa. A yi amfani da duron ƙarfe a fili, a fara zuba ruwa sannan a riƙa jefa dutsen kaɗan-kaɗan, kada a taɓa zuba ruwa a kan tulin dutsen, kuma a bar shi makonni kafin a yi aiki da shi. Wasu suna karɓar farin lakar kabaid da masu walda suke zubarwa, wanda a haƙiƙa sinadari ɗaya ne da jiƙaƙƙen laim. Yana aiki, sai dai yakan yi ɗan toka-toka, kuma dole a ajiye shi a buɗaɗɗen wuri nesa da wuta har warinsa ya gushe, domin ragowar iskar gas da ke cikinsa tana kamawa.

Ranar aiki a ɗebi kashi ɗaya na wannan kaurin a haɗa da kashi biyu zuwa uku na ruwa, a juya har ya koma kamar madarar shanu, a tace da rariya ko tsohon gidan sauro. Idan aka tsoma burushi aka ga yana ɗiga da nauyi kamar kunu, ya yi kauri. Masu son fari tas sukan sa ɗan bula. Masu son launi su nemi garin launi na ƙasa, ja ko rawaya ko ruwan ƙasa, irin wanda ake sa wa siminti, domin kaifin laim yana cinye yawancin sauran launuka. A dama garin daban da ruwan ɗumi kafin a zuba, kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin laim ɗin, in ba haka ba ya raunana kamun. Launin yana yin haske sosai bayan ya bushe, saboda haka a gwada a wani lungu a jira kwana guda, sannan a haɗa wanda zai ishi bangon gaba ɗaya a duro guda.

Game da abubuwan da ake ƙarawa, kowane mai aiki da nasa sirrin. Wasu suna sa madarar da aka cire wa mai domin ƙara kamu, wasu suna sa ɗan narkakken kitse a shafar ƙarshe domin ruwa ya riƙa zamewa, wasu kuma gishiri. Gishirin ne ban yarda da shi ba a kan bulo, tun da gishiri ne matsalar da muka sha wahalar gogewa tun farko.

Laim yana ƙona fata, yana kuma iya makantar da ido. A sa safar hannu ta roba, da tabarau mai rufe gefe, da riga mai dogon hannu. Idan ya faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa ba tsayawa na kimanin minti 20, sannan a tafi asibiti.

Shafa farar ƙasa

A jiƙa bangon tukuna, da tiyo ko da abin feshi mai tsafta, a jira har ruwan ya daina sheƙi amma bangon yana da sanyi da laima. Busasshen bango yana zuƙe ruwan haɗin nan take ya bar gari kawai a sama. A yi amfani da babban burushi mai dogon gashi, ba rola ba, a fara daga sama, ana cusa haɗin cikin ramukan bulo da layukan siminti ta hanyar kai burushin dama da hagu da kuma a karkace. A riƙa juya bokitin duk bayan 'yan mintuna saboda garin yana kwanciya da sauri.

A nan ne sabon hannu yake ruɗewa. Lokacin da ake shafawa, farar ƙasa kamar ruwa take, ana ganin bulon ta cikinta, sai mutum ya ɗauka bai sa komai ba ya koma ya lafta mata kauri. Farin yana fitowa ne bayan sa'o'i, kuma shafa mai kauri tsattsagewa take yi ta zube. A yi siririya, a bar ta kwana guda, a sake ɗan jiƙa bangon, a yi ta biyu. Sabon bango yana buƙatar shafa uku zuwa biyar. Wanda yake son jan bulo ya riƙa nunawa sai ya tsaya a ɗaya ko biyu, ya bi wasu wuraren da jiƙaƙƙen tsumma tun kafin su bushe.

Abin da ya fi komai muhimmanci a yanayinmu shi ne kada ta bushe da sauri, domin komawarta dutse tana buƙatar laima. Idan iska busasshiya ce, a riƙa yi wa bangon feshin ruwa mai laushi sau biyu ko uku a yini na kwana biyu, ko a rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gabansa ba tare da sun taɓa shi ba. Idan bayan mako guda aka shafa tafin hannu aka ga ya yi fari fat, alama ce ta bushe kafin ta kama.

Shafa fenti

A tabbatar an sayi wanda aka rubuta na waje ne, domin fentin ruwa na cikin ɗaki ba ya jure rana da ruwan sama, kuma arha ba ta ado. Fentin mai bai dace da filasta ta waje ba, saboda ya fi kowanne toshe danshi. Fenti mai yashi, wanda aka fi sani da Texcote, yana ɓoye ƙananan tsagu da rashin daidaiton filasta, amma yana cin kaya da yawa kuma ƙurar hunturu tana maƙalewa a jikinsa. Launi mai haske ya fi daɗewa a rana, yana kuma rage zafin ɗaki.

Saɓanin farar ƙasa, fenti busasshen bango yake so. A share ƙura, a fara da shafar share fage wadda take jure kaifin siminti, musamman a sabuwar filasta ko wadda take sakin gari idan an shafa hannu. Shafar farko ta fentin ana iya sirka ta da ruwa kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, ta biyu kuma a bi abin da aka rubuta a jikin bokiti. Al'adar tsinka bokiti ɗaya ya zama biyu ita ce take sa fenti ya koɗe kafin shekara ta zagayo. A fara bin kusurwoyi da gefen tagogi da ƙaramin burushi, sannan a bi fili da rola mai kaurin gashi, daga sama zuwa ƙasa, ana haɗa kowane layi da na kusa da shi tun yana ɗanye. Kada a tsaya a tsakiyar bango don cin abinci ko hutu. A kai kusurwa tukuna, in ba haka ba gaɓar za ta nuna har abada. A bar aƙalla sa'o'i huɗu tsakanin shafa biyu, ko abin da masana'antar ta ƙayyade.

Wajen lissafi, a ninka tsawon bango da tsayinsa a cire ƙofofi da tagogi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana da kewayen ƙafa 300, wato kimanin mita 91, kuma idan tsayin katangar ya kai mita 2.4, fuska ɗaya ta kai kusan murabba'in mita 220. Idan aka ƙaddara lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 8, shafa biyu za su ci lita 55, wato kusan bokiti uku masu lita 20. Bulon da ba a yi wa filasta ba yana iya cin ninkin wannan. Idan bokitan launi ɗaya ne amma ba haɗi ɗaya ba, a juye su a duro a gauraya kafin a fara.

Ragowar fenti a rufe bakinsa sosai a ajiye a inuwa domin gyaran wuraren da za su goge. Ragowar laim kuwa ba ya lalacewa muddin akwai ruwa kamar tsawon yatsa a samansa kuma duron a rufe yake. Da shi za a sabunta bangon gabas da gindin katanga bayan damina mai zuwa, kuma a wannan karon babu buƙatar kankara: a share ƙura, a jiƙa bango, a yi shafa ɗaya siririya a kan tsohuwar.